Wutsiyar Salansa

Ranar da ya fara shigowa ɗakin gwaji, buhu ne a kafaɗarsa, buhun yana ta ƙarar ƙarfe kamar ya kwaso tukwanen gidansu. Ita kuwa tana durƙushe gaban injin da aka ɗaure a kan benci, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sallama dai. An ce a nan ake auna salansa."

"A nan ne. Ajiye can, kar ka taka min waya."

Ya riga ya taka. Sai a lokacin ta ɗago da niyyar yi masa tas, amma ta ga dogon saurayi, fuskarsa duk ta yi duhu saboda wutar walda, ban da zagayen idanunsa inda tabarau ke zama. Dariya ta kusa ƙwace mata. Shi kuma ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya rasa inda zai sauke ta.

Ɗakin na kwalejin koyon sana'a ne, dogo, taga ɗaya, da fanka mai zuƙe hayaƙi wadda ta fi zuƙe haƙurin mutane. Ita ce mai kula da na'urorin awo. A gida Auta ake ce mata. Shi kuwa Mai Walda kowa ke kiransa, don shi ke ƙera salansar baburan nan masu hayaƙi, waɗanda ake haɗa musu fetur da man inji.

Ya zazzage buhun. Salansa uku sababbi, kowace da ƙaton ciki a tsakiya da siririyar wutsiya a ƙarshe. Ta huɗu tsohuwa ce, an nannaɗe ta a tsumma, jikinta duk ƙarce.

"Me kake so ka sani?"

"Ina so in san ko abin da hannuna ke yi daidai ne. Ido ya gaji da ƙiyasi."

Ta huda ƙaramin rami a wuyan ta farko, ta murɗa sensa, na'urar jin matsin iska, a ciki, ta haɗa waya zuwa kwamfuta da kuma geji mai allura. Tana aiki tana yi masa bayani, ko da yake ta lura rabin abin ya riga ya sani da hannu.

"Irin wannan injin, salansa ba ƙofar fita ce kawai ba. In hayaƙi ya fito da ƙarfi, cikin nan ne ke maido da wani ɓangare na iskar baya, ta tura man da ya nemi tserewa ya koma silinda. Ita kuma wutsiya ita ke barin zafi ya fice. Ni aikina in auna ƙarfin iskar, in ga ko tana dawowa a kan lokaci."

Suka sa abin toshe kunne, ta tayar da inji. Allura ta yi rawa, layi ya hau ya sauka a fuskar kwamfuta. Ta farko ta yi kyau, ta biyu ta fi, ta uku ta makara kaɗan. Da aka zo kan tsohuwar, sai ya ja da baya ya jingina da bango.

Ta gwada ta sau biyu. Ta kashe inji.

"Wannan ce ma ta fi duka. Lafiyarta lau."

Bai yi murna ba. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da tafin hannu, ya daɗe a haka. Auta ba ta saba tausayin baƙo ba, amma ranar sai ta tsinci kanta tana miƙa masa ruwa a kofinta.

Daga nan fa salansa ta ƙi ƙarewa. Duk bayan kwana uku sai ga shi da wata, wata ma ko makaho ya shafa ya san ba ta buƙatar awo. Ita kuma ba ta taɓa cewa ya isa ba. Wata rana bayan ya tafi saƙo ya shigo wayarta.

"Allurata, na manta sifana a kan bencinki. Da gangan ne, kar ki ba kowa."

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta amsa.

"Mai tabarau, na gani. In ka sake taka min waya, da ita zan ƙwale ka."

"Na yarda. Ke kaɗai ce in kika motsa nake sanin halin da nake ciki."

Soyayya ce irin ta mutanen da ba su iya zance ba. Sai su zauna a bakin ƙofar ɗakin gwaji lokacin hutun rana, kunnuwansu na ƙugi, kowa na ɗaga murya ba tare da ya sani ba. A irin wannan zaman ne ta ba shi labarin Yayanta. Su biyu ne kacal a wurin iyayensu. Shekara uku da suka wuce, tana makarantar kwana, Yaya yana kan babban titi injin babur ɗinsa ya cije, tayar baya ta kulle, ya zame ya shiga ƙarƙashin babbar mota. Tun daga ranar ba a sake dariya mai ƙarfi a gidansu ba.

Tana magana tana kallon ƙasa, shi ya sa ba ta ga yadda fuskarsa ta sauya ba.

"Mahaifinki wace sana'a yake yi?"

"Bakanike ne. Mai Kunne ake ce masa. Daga ƙofar gareji yake gaya maka ciwon motarka."

Mai Walda ya miƙe ya ce yana da aiki. Kwana tara bai zo ba. A na goma ya turo saƙo.

"Akwai maganar da ya kamata in faɗa miki, na kasa. Amma ki sani ban san ko ke wace ce ba ranar da na shigo. Ina sonki, wannan kam ba sai an auna ba."

Bai samu ya faɗa ba, aka riga shi.

Shugaban sashensu, wanda kowa ke kira Injiniya, ya daɗe yana zagayen Auta. Mutum ne mai tsafta, farar rigarsa ba ta taɓa sanin man inji ba, kuma a garejin Baba, mahaifin Auta, yake gyaran motarsa. Hira ta kawo hira, ya ambaci wani mai walda da ya mayar da ɗakin gwaji gidansu. Da ya siffanta shi, Baba ya ajiye sifana.

Auta ta dawo gida ta tarar da shi zaune a tsakar gida da kayan aiki a jikinsa, Mama na gefe idonta ya yi ja.

"Kin san wanda kike kulawa?"

"Baba, dama ina shirin..."

"Shi ya ƙera wa Yayanki salansar da ta kashe shi. Sati biyu da sa ta injin ya cije. Ni da hannuna na cire ta daga jikin babur ɗin, na kai na jefa masa a ƙofar shago. In dai ina numfashi, wannan yaron ba zai tako gidan nan ba."

Mama ta ce, "Auta, ki ji tausayinmu. Ke ɗaya kika rage mana."

Ta shiga ɗaki. Abu ɗaya ta riƙe: ita da kanta ta auna wannan salansar, tsohuwar nan da ya kawo a tsumma, kuma lafiyarta lau. Washegari ta buɗe kwamfuta ta nuna wa Injiniya sakamakon. Ya duba layin, sannan ya duba hoton da ta ɗauka ranar gwajin, ya ƙara girmansa da yatsu.

"Dubi nan. Jikin ya tsufa, wutsiyar sabuwa ce, waldar ko tsatsa ba ta yi ba. Ya yanke ta asali ya sa wata kafin ya kawo miki. Ya yi amfani da ke ne ya wanke kansa, ke kuma kika sa hannu."

Gaskiya ce a fili, kuma ta yi mata zafi fiye da mari. Ba ta jira tashi daga aiki ba, ta nufi shagonsa.

Yana tsugune yana lanƙwasa farantin ƙarfe. Ya ɗaga tabarau.

"Ina wutsiyar da ka yanke?"

Ya ajiye farantin.

"Ka san Yayana ne, ka yi shiru. Ka sa na auna ƙarya. Ina take?"

"Na yanke, gaskiya ne. So nake in san ko ƙirata ce ta yi kisan, shi ya sa na mayar da ita yadda ta bar hannuna. Ki tsaya a nan, Allurata. Don Allah kar ki ƙara tambaya."

"Kar ka sake kirana da wannan sunan."

Ta shiga bincike kamar mahaukaciya, tana zubar da gwangwanaye. A ƙasan akwatin kayan aikinsa ta same ta, guntun bututu bai kai tsawon tafin hannu ba. Ta leƙa ciki. An cusa wani siririn bututu a ciki an like, ramin ya dawo rabin yadda ya kamata. Ta juya shi ta dubi waldar.

A garejin Baba ta yi rarrafe tana jaririya. Ta san hannun mahaifinta kamar yadda ta san tarinsa. Duk waldar da Baba ya yi, in ya kai ƙarshe sai ya ɗiga ɗigo biyu a jere, wai don kar ta kwance. Ga su nan, ɗigo biyu.

Ta zauna a kan akwatin. Ta tuna hutun da ta zo gida aka yi wa Mama aiki a asibiti, Mama na kwance a gida, kanta na sarawa duk safiya in Yaya ya tayar da babur. Ta tuna muryar Mama: Malam, ka ɗan rage wa abin nan ƙara. Baba ya shekara talatin yana matse wa motoci salansa don su yi shiru, ba abin da ya taɓa faruwa. Bai san wannan injin ba irin na mota ba ne. In aka matse masa wutsiya zafi ba ya fita, fistan, ƙarfen da ke kai-komo a cikin silinda, ya kumbura, ya cije.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da ya jefo min ita."

"Kuma ka bari ya zage ka gaban mutane? Shekara uku ana nuna ka da baki?"

"Ni zagi na sha, kuma ina raye. Shi in ya sani, me zai sha? Mutum ne da ya binne ɗansa. Ya samu wanda zai tsana, da wannan yake iya tashi da safe."

Ta yi kuka a wannan shagon har muryarta ta dashe. Da ta natsu ta ga inda suka tsaya: in ta wanke wanda take so, ta kashe ubanta a tsaye. In ta rufa wa ubanta asiri, ta rasa wanda take so.

"To mu fa?"

"Mu haƙura," in ji shi, yana kallon wani wuri dabam.

Wata biyu suka yi ba su haɗu ba. Auta ta rame, ta daina faɗa da kowa, abin da ya fi tayar wa Mama hankali. Saƙo ɗaya kawai ta tura masa.

"Ban daina ba. Ina so dai ka san haka."

Ya amsa: "Ni ma. Ki riƙa cin abinci."

Da an bar maganar a nan da ta mutu. Amma Injiniya ya ga har yanzu ba a kallonsa, sai ya yanke shawarar ƙarasa abokin takararsa gaba ɗaya. Ya gaya wa Baba zancen wutsiyar da aka yanke, ya ce a sa yaron ya kawo ta a mayar, a gwada a gaban kowa, Auta ta gani da idonta. Baba ya aika wa Mai Walda cewa in ɗan halak ne ya zo da ita ranar Asabar. Mai Walda ya so ya ce ta ɓata, amma ya san tsohon zai zo shagon da kansa ya birkice shi.

Ranar Asabar da hantsi su huɗu suka haɗu a ɗakin gwaji. Mai Walda ya riga ya mayar da tsohuwar wutsiyar, ya shafe waldar da baƙin fenti mai kauri. Kafin kowa ya yi magana ya ce, "Baba, ba sai an gwada ba. Ni na matse ta. Kuskurena ne, ka yafe min."

Auta ta runtse ido. Injiniya ya gyara tsayuwa yana murmushi.

"A gwada," in ji Baba. "Na shekara uku ina jiran in ji."

Ta ɗaure sensa. Ta miƙa wa Baba abin toshe kunne, ya ture. Ta yi tunanin kwance wayar ma'aunin zafi, ta ce na'ura ta lalace. Ba amfani, Baba bai taɓa karanta allura ba a rayuwarsa, ko kallon kwamfutar bai yi ba.

Aka fara da sabuwar salansa mai irin ƙirar, wutsiyarta a buɗe. Injin ya ɗauka da tsawa, ƙara mai kaifi har haƙori. Allura ta tsaya inda ya dace. Baba ya yamutsa fuska.

"Haka take ranar da marigayi ya kawo ta gida. Ƙara kamar za a tsaga rufi."

Aka kwance, aka ɗaura ta Yaya. Auta ta ja igiya. Wannan karon ƙarar ta fito a shaƙe, mai laushi, irin wadda mara lafiya zai iya barci a gefenta. Ta ƙara wuta. Allurar matsi ta haura ta ƙi saukowa, lambobin zafi suka fara hawa da gudu.

"Kun gani," in ji Injiniya da ƙarfi, yana nuna kwamfuta. "Wutsiyar ta yi ƙanƙanta. Minti kaɗan a kan titi fistan zai cije. Duk wanda ya matse wannan ramin, shi ya yi kisan."

Baba ya karkatar da kai, kunnensa na dama wajen injin, kamar yadda yake yi a ƙofar gareji. Auta na kallonsa. Ta ga lokacin da bakinsa ya ɗan buɗe.

"Kashe."

Ta kashe. Fanka kaɗai ke juyawa.

Ya matso, ya naɗe hannu da tsumma ya riƙe wutsiyar, ya sa farcen babban yatsa ya kankare fentin da ya yi laushi saboda zafi. Ya shafa wurin sau ɗaya, ya sake shafawa. Yatsan ya ƙone, bai janye ba.

"Wannan ƙarar tawa ce," ya ce a hankali. "Ni na saita ta. Na ma yi alfahari da ita."

"Baba..."

"Yi shiru, Auta." Ya juya ga Mai Walda. "Kai, ka sani?"

Mai Walda ya sunkuyar da kai.

"Na tofa maka yawu a gaban maƙwabtanka."

"Ya wuce, Baba."

"Bai wuce ba."

Tsohon ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan gwangwanin mai. Bai yi kuka da murya ba, ƙirjinsa ne kawai ke hawa yana sauka. Injiniya ya dubi wannan ya dubi wancan, ya gane ramin da ya haƙa, ya zare jiki ya fita. Ba a sake jin ya ambaci Auta ba, kuma motarsa ta koma wani garejin.

Mai Walda ne ya durƙusa gaban Baba ya kama hannun da ya ƙone.

"Don Mama ta samu barci ka yi. Ba wanda ya taɓa gaya maka wannan injin dabam yake. Ni ma da na ƙera ban gaya wa marigayi kar a taɓa wutsiyar ba. Wannan nawa ne, kuma zan ɗauke shi tare da kai."

Baba ya ɗago kai.

"Ita ta ce in rage ƙarar. In ta ji, ba za ta kai baɗi ba. Ku biyun nan, ku yi min alkawari."

Suka yi.

Ya sa aka yanke masa wutsiyar, ya jefa a aljihun rigarsa. A gida ya ce wa Mama na'ura ta nuna yaron ba shi da laifi, ajali ne ya zo. Sannan ya je har ƙofar shagon da ya yi tofin, ya tara maƙwabtan, ya ce ya zalunci wannan yaro, su shaida ya nemi gafara, kuma su shaida ya ba shi 'yarsa.

Bayan wata uku aka ɗaura aure, ba hayaniya. Baba ya tsufa a cikin watannin nan fiye da shekaru goma, ya daina tsayawa a ƙofar gareji yana sauraron motoci. Amma da ya ɗora hannu a kan Auta muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Kai kuma, yadda ka rufa min asiri, Allah Ya rufa naka duniya da lahira."

Mama ta ce amin, ta ɗauka zancen rashin kayan ɗaki masu yawa yake yi.

Da sati ya zagayo ango da amarya suka zo gaisuwa a kan babur ɗinsa. Mama ta cika su da addu'a da ƙunshin kaya, har ta yi dariyar zagayen idon surukinta, dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Suka fito rakiya ƙofar gida. Auta ta hau baya, ta raɗa masa, "A hankali, mai tabarau."

"An gama, Allurata."

Ya buga kik. Babur ya ɗauka da tsawa, kajin maƙwabta suka watse. Mama ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

"Malam, ba za ka ɗan rage musu ƙarar nan ba?"

Auta ta ƙanƙame rigar mijinta. Baba ya sa hannu a aljihu, ya damƙe abin da ke ciki.

"Bar ta ta yi ƙara," ya ce. "Ku tafi, Allah Ya kiyaye hanya."

Ya tsaya a ƙofar yana saurare har suka sha kwana, har ƙarar ta yi nisa, bai shiga gida ba sai da ya daina jinta.